Idan za a kai ɗalibai Kanchanaburi, a kai su har wurin waɗanda ba su da kabari

A garin Kanchanaburi na ƙasar Tailan, yamma da birnin Bankok, akwai wata maƙabarta da ake aske ciyawarta kullum. Mutum 6,982 ne ke kwance a cikinta. Yawancinsu kowa da ɗan allonsa na tagulla, an rubuta suna da lambar soja da runduna da ranar rasuwa, sau da yawa har da shekarun mamacin. 'Yan Birtaniya ne da Ostireliya da Holan, fursunonin yaƙi da sojojin Japan suka tilasta wa shimfiɗa layin dogo daga Tailan zuwa ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu) a 1942 da 1943. Daf da maƙabartar akwai gidan tarihin layin dogon, wanda aka buɗe a 2003. Can gaba cikin duwatsu kuma akwai wani da gwamnatin Ostireliya ta gina a 1998, a bakin wata mashiga da aka fasa a jikin dutse. Makarantu na kawo ɗalibai nan, na cikin ƙasar da na ƙetare. Duk ranar 25 ga Afrilu, ranar da Ostireliya ke tuna sojojinta, ana taruwa a mashigar tun kafin fitowar alfijir, kuma akan ga 'yan makaranta a cikin taron.

Ina goyon bayan irin wannan ziyara. Ina ma ganin ta fi kai yara gidan da aka jera tankoki da igwa amfani nesa ba kusa ba. Sai dai yadda aka saba yin ta, ɗalibi kan koma gida da rabin labari alhali yana zaton ya ga duka, kuma wannan ya fi rashin zuwa haɗari, don wanda ya gani da idonsa ba ya sake tambaya.

Gidan makamai yana koya wa yaro sha'awar ƙarfe. Ya shafa tanka, ya ɗauki hoto, ya tafi. Sansanin fursunoni kuwa yana ajiye shi a gaban wata tambaya da ba ta da mafaka. A fagen daga soja na iya cewa in bai harba ba za a harbe shi. Mutumin da ya ajiye bindiga ya ɗaga hannu fa? Duk abin da aka yi masa daga wannan lokaci zaɓi ne na wanda ya kama shi. Alƙaluman Yaƙin Duniya na Biyu sun nuna haka ƙarara. Sojojin Birtaniya da Amurka da suka faɗa hannun Jamus, wajen 4 cikin 100 ne suka mutu a tsare. Sojojin Tarayyar Sobiyet da suka faɗa hannun wannan Jamus ɗin, daga cikin miliyan 5.7 kimanin miliyan 3.3 ba su fito da rai ba. Ƙasa ɗaya, yaƙi ɗaya, runduna ɗaya. Bambancin shi ne gwamnatin Hitila ta riga ta yanke wa za ta ɗauka mutum, wa kuma ba za ta ɗauka ba. A hannun Japan, fursunonin ƙasashen Yamma da suka mutu sun kai 27 cikin 100. Japan ta sa hannu a yarjejeniyar Janiba ta 1929 kan fursunonin yaƙi, amma ba ta tabbatar da ita ta zama doka a kanta ba.

Mai karatun da ya zauna gaban malamin sira ba baƙo ba ne ga wannan batu. Ya san fursunonin Badar su wajen saba'in, ya san waɗanda ba su da kuɗin fansa amma sun iya rubutu an ce kowannensu ya koyar da yara goma na Madina, ya kuma san ayar Suratul Insan da ta jera kamamme tare da miskini da maraya a cikin waɗanda ake ciyarwa. Tambayar tsohuwa ce, kuma kowace al'umma da ta taɓa cin yaƙi sai da ta amsa ta da aikinta.

Labarin layin dogon ya fara ne daga faɗuwar Singafo a Fabrairun 1942, lokacin da dubun-dubatar sojojin Birtaniya da Ostireliya da Indiya suka miƙa wuya. Japan ta kama Bama a wannan shekarar, amma kai wa rundunarta kaya ta teku, a zagaye zirin Malaya zuwa Rangun, ya zama kasada saboda jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin ruwa. Sai aka yanke a haɗa layin Tailan da na Bama ta cikin daji da duwatsu, kilomita 415 daga kusa da Ban Pong zuwa Thanbyuzayat. Turawan Ingila sun taɓa auna hanyar shekaru da dama kafin nan, suka bar ta saboda wahalarta. Japan ta gama ta a Oktoban 1943, cikin shekara ɗaya da 'yan watanni, kuma kusan duk aikin da hannu aka yi shi.

An kwaso fursunoni daga Singafo a taragun ƙarfe na ɗaukar kaya, kusan mutum talatin a tarago ɗaya, kwana huɗu zuwa biyar ana tafiya. A inda dutse ya tare hanya, mutum biyu ke aiki tare: ɗaya ya riƙe sandar ƙarfe yana juya ta, ɗaya yana dukanta da guduma, har rami ya yi zurfin da za a cusa nakiya. Bayan fashewa a kwashe ɓaraguzan da kwando da buhu. Da Tokyo ta matsa a gama da wuri, daga wajen Afrilun 1943, sai aiki ya koma dare da rana, daidai lokacin da damina ta sauka da kwalara. Ganin ramammun mutane suna fasa dutse da dare a hasken wuta shi ya sa fursunonin suka kira mashigar Konyu da sunan wutar Jahannama, sunan Hellfire Pass da ya bi ta har yau. Abinci shinkafa ce tsura. Zazzaɓin cizon sauro da atuni da kumburin rashin abinci sun zama ruwan dare. Ɗan ƙaramin ƙwarzane a ƙafa kan zama gyambon da zai ci har ƙashi, likitocin cikin fursunonin kuma su kankare shi da cokalin da aka wasa, in ya ƙi a yanke ƙafar. Wata tawaga ta mutum 7,000 da aka taso daga sansanin Changi na Singafo a Afrilun 1943, aka sa ta tafiyar ƙasa ta kusan kilomita 300, ta rasa sama da mutum 3,000. Gaba ɗaya fursunoni kimanin 60,000 ne suka yi aikin, fiye da 12,000 suka mutu.

Gidajen tarihin sun iya ba da wannan labari. Suna da zane-zanen da fursunoni suka yi a ɓoye, da kwanon cin abinci, da kayan aikin likita da aka ƙera daga gora da gwangwani, da muryoyin tsofaffin da suka tsira. Za ka ji sunan Edward Dunlop, likitan Ostireliya da ya riƙa tsayawa tsakanin marasa lafiya da masu gadi, da na Boonpong, ɗan kasuwar Kanchanaburi da ya riƙa shigar da magani sansanoni a ɓoye da jirgin ruwansa. Ɗalibi mai shekara goma sha biyar da ya taka ƙafa cikin mashigar nan da zafin rana, ya ga sawun sandar ƙarfe a jikin dutse, ya samu abin da littafi ba zai ba shi ba. Ban da ja a kan wannan.

Ga inda nake da ja. Fursunonin nan ba su ne mafi yawan waɗanda suka gina layin ba, ba kuma su ne mafi yawan waɗanda suka mutu ba. Japan ta kawo leburori 'yan Asiya kimanin 200,000 ko fiye: Tamilawa daga gonakin roba na Malaya, da mutanen Bama, da 'yan tsibirin Jawa, da Malayawa, da 'yan asalin Sin. Wasu an yaudare su da alkawarin albashi mai kyau da aikin 'yan watanni, wasu kama su aka yi. Akwai waɗanda suka zo da matansu da 'ya'yansu. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne wajen 90,000 daga cikinsu sun mutu. Wato duk fursuna ɗaya da ya mutu, leburori kusan bakwai sun bi shi.

Me ya sa aka san adadin wasu har da ranar mutuwa, wasu kuma sai ƙiyasi? Fursunonin sojoji ne. Suna da hafsoshi, da likitoci, da akawu masu riƙe rajista. Sun riƙa rubuta sunan duk wanda ya mutu da inda aka sa shi, har ma suna binne takardun cikin kwalba ko gwangwani a kaburbura don kada masu gadi su gani. Da yaƙi ya ƙare a 1945, wata tawaga ta bi layin ta gano kaburbura sama da 10,000, daga baya aka tattara gawarwakin a manyan maƙabartu uku, biyu a Kanchanaburi, ɗaya a Thanbyuzayat. Lebura ba shi da hafsa, ba shi da rajista, kuma ƙasar da ya fito tana ƙarƙashin mulkin mallaka, babu gwamnatin da za ta aiko a nemi ƙasusuwansa. Waɗanda kwalara ta kashe an zuba su a ramuka ko an ƙone su. A 1990 aka tono wani ramin a Kanchanaburi, aka samu ƙasusuwan ɗaruruwan mutane, babu suna ko ɗaya.

Adalci ne in faɗa cewa gidajen tarihin biyu ba su ɓoye wannan ba. Akwai alluna da ke maganar leburorin, akwai adadin. Amma allo ɗaya mai lamba ba ya gogayya da fili guda na sunaye. Yaro yana riƙe abin da ya taɓa zuciyarsa, abin da ke taɓa zuciya kuwa suna ne da fuska da shekaru: wannan ya rasu yana da 21, ga kalmar da mahaifiyarsa ta zaɓa a rubuta masa. Muna cewa gani ya kori ji. To, amma wani ne ya zaɓi abin da za a gani, kuma a nan rashin adalcin da aka yi wa rayayyu a 1943 ya bi su har cikin tunawa da matattu. Ba a Tailan kaɗai ba. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoton da ya nuna cewa aƙalla mutum 116,000, galibi 'yan Afirka da Asiya da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a tuna da su da suna ba ko ma ba a tuna da su sam, har sakataren tsaron Birtaniya ya nemi afuwa a majalisa.

Saboda haka nauyin yana kan malami, ba kan mai rakiyar gidan tarihi ba. Malamai da yawa kan ba kowane ɗalibi sunan soja ɗaya ya nemo kabarinsa, dabara ce mai kyau. Abin da nake so a ƙara shi ne, bayan yaro ya samu kabarin ya tsaya a kansa, a ce masa akwai mutum bakwai da suka mutu tare da wannan, je ka nemo nasu. Zai zaga ya dawo hannu rabbana, kuma darasin tarihi na gaskiya daga nan zai fara: wa ke rubuta rajista, wa ke biyan mai aske ciyawa, wa ya rubuta littafi bayan yaƙi, wa kuma ya koma gonar roba bai iya karatu ba.

Akwai kuma matsalar biki. Gadar layin dogon da ke Kanchanaburi, wadda kowa ke zuwa ɗaukar hoto a kanta, ta yi suna ne saboda wani fim na 1957, wanda ma a Siri Lanka aka ɗauke shi. Kogin da gadar ta ratsa ba Kwai ba ne sunansa a lokacin yaƙi, Mae Klong ne. Da baƙi suka yi ta zuwa neman gadar kogin Kwai, sai aka sauya wa wannan ɓangaren kogin suna a shekarun 1960 don ya dace da abin da suka zo nema. A ƙarshen Nuwamba kowace shekara ana yin mako guda na shagali a bakin gadar, da fitilu da wasan wuta. Ban ga laifin mai sayar da riga da ke neman abincinsa ba. Amma makarantar da ta tsara ziyararta ta zama maƙabarta da safe, hawan giwa da rana, kasuwar dare da yamma, kada ta rubuta wa iyaye cewa darasin tarihi aka je.

Irin wannan zamewar ba ta Tailan kaɗai ba ce. A arewacin Ingila, kusa da garin Malton, akwai Eden Camp, sansanin da fursunonin Italiya suka gina a 1942, Jamusawa suka gaje su har 1948, aka mayar da shi gidan tarihi a 1987. Makarantun firamare na tururuwa can. An cika bukkokinsa da ƙara da hayaƙi da wari don yaro ya ji kamar ana ruwan bama-bamai a kansa, kuma yawancinsu labarin juriyar mutanen Birtaniya suke bayarwa. Tambayar da ginin kansa ke ɗauke da ita, me ya sa aka ci gaba da riƙe Jamusawa suna noma shekara uku bayan an daina harbi, alhali yawansu a ƙasar ya taɓa kai wajen 400,000 a 1946, tana iya wuce yaro bai ji ta ba. A Tokyo kuwa, a gidan tarihin da ke harabar wurin bautar Yasukuni, an ajiye ɗaya daga cikin kawunan jirgin da suka yi aiki a layin Bama, an goge shi yana walƙiya, ana gabatar da shi a matsayin abin alfaharin injiniyoyi. Kowace ƙasa na gina gidan tarihin da za ta iya kallon kanta a ciki ba ta sunkuyar da kai ba.

Mu ma wannan labarin ya taɓa mu, ba da nisa ba. Layin an gina shi ne don ciyar da rundunar Japan da ke Bama, rundunar da sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 suka yaƙa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, da Hausa a matsayin harshen bariki ga da yawansu. Faɗuwar Malaya da ta jefa waɗancan Turawa a taragun ƙarfe ita ce ta raba Birtaniya da babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Filato. Tsakanin 1942 da 1944 an ɗebi talakawa wajen 100,000 daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ramukan kuza na Jos, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe da dama. Su ma leburori ne marasa allon tagulla. A ɓangaren Faransa, sojojin Afirka da Jamus ta kama a 1940 an tsare su a sansanoni cikin Faransa kanta, don Jamusawa ba sa son baƙar fata a ƙasarsu. Wasu daga cikinsu da aka maido gida suka nemi haƙƙinsu na albashi, sai sojojin Faransa suka buɗe musu wuta a barikin Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944. Rahoton hukuma ya ce 35 ne suka mutu, masana tarihi da dama na cewa ɗaruruwa ne, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda ya kira abin kisan kiyashi. Ɗalibin Yamai ko Zariya da ya san wannan zai karanta Kanchanaburi da wani ido daban.

Iyaye kan kawo ƙorafi biyu. Na farko, yara sun yi ƙanƙanta da ganin hotunan mutanen da haƙarƙarinsu ya fito. Na yarda da rabinsa: ɗan firamare ba shi da abin yi a Hellfire Pass, a bari sai ya kai manyan ajin sakandare, kuma a karantar da shi kafin tafiya. Wasan kwaikwayon da wasu ke sa yara, wannan fursuna wancan mai gadi, a daina shi kwata-kwata, don yaran dariya suke yi kuma suna da gaskiya, wasa aka ba su.

Na biyu ya fi nauyi, cewa ziyarar na shuka ƙiyayyar Japanawa a zuciyar yaran da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Tana iya yi, in an nuna masu gadi a matsayin dodanni marasa tarihi. Maganinsa a ba ɗalibai labarin mai gadi ɗaya. Da yawa daga masu gadin layin ba Japanawa ba ne, 'yan Koriya ne, ƙasar da Japan ke mulka a lokacin, su ne a ƙasan tsani, ana marinsu su kuma su mari na ƙasa da su. Lee Hak-rae yana da shekara 17 aka ɗauke shi a 1942, sa'an ɗaliban da ke cikin motar makaranta. An kai shi sansanin Hintok, inda Dunlop ke shugabantar fursunoni, aikinsa ya cika adadin ma'aikatan da injiniyoyi ke nema kowace safiya, ko da kuwa daga bukkar marasa lafiya zai cika shi. Fursunonin sun tsane shi, suna kiransa Ƙadangare. Bayan yaƙi kotun sojan Ostireliya ta yanke masa hukuncin kisa, aka sassauta zuwa ɗaurin shekara 20, ya fito a 1956. 'Yan Koriya 148 aka samu da laifukan yaƙi irin wannan, aka kashe 23. Japan ta hana shi fanshon da ta ba tsofaffin sojojinta da hujjar cewa shi ba ɗan ƙasa ba ne yanzu, a Koriya kuma ana kallon irinsa a matsayin 'yan koren mai mulkin mallaka. A 1991 ya je Ostireliya ya nemi gafarar Dunlop ido da ido. Ƙarar da shi da abokansa suka shigar ta neman diyya, kotun ƙolin Japan ta kore ta a 1999, ya rasu a 2021 yana da shekara 96.

Ba na kawo shi don a wanke shi ba. Mutanen da ya fitar daga bukkar marasa lafiya wasunsu suna cikin waɗancan maƙabartu. A miƙa wa aji takardunsa a daren da suka dawo daga mashigar, a raba su gida biyu, a ce su yi gardama ko ya cancanci igiya, kuma me kowannensu zai yi in an ba shi takardar adadi da asuba yana da shekara 17. Malamin ya zauna a baya, ya hana su ihu, kada kuma ya raba musu gardamar.